Ƙaramar tarakta a tsakar gida mai yara, ku yaya kuke ajiye taku?

Manomin_Pitowa ya rubuta:

Salamu alaikum jama'a, ya zafi, ya shirin damina. Tambaya gare ni ga masu tarakta da kanikawa amma ku yi haƙuri sai na ɗan ja zance kafin ku gane inda na dosa.

Bara da aka biya mu kuɗin auduga na haɗa da na bijimai biyu da na sayar na sayo 'yar ƙaramar tarakta ta hannu, Kubota, irin waɗanda ake kawowa daga Japan ta Duwala, rubutun jikinta kaf da harshensu ne ni dai lambobi kawai nake ganewa. Ta zo da injin ɓarzar ƙasa a baya mai wuƙaƙen nan da ke juyawa, sannan na sa mai walda ya haɗa min 'yar rimok, wato tirelar da take ja a baya, ta kwasar taki da buhuna. Ni na fi shekara goma ina jan mota tsakanin Garwa da Gidar, to da na ga abar ko kafaɗata ba ta kai ba wallahi sai na raina ta, na ce wannan ai ko yaro ya tuƙa. Ashe raina kama ce.

Gareji ba ni da shi, a tsakar gida nake ajiye ta gindin darbejiya, kuma filin gidanmu ya ɗan karkata wajen rijiya da madafa. Shekaranjiya na dawo daga gona ana kiran magariba, na kashe ta na zare makulli na yi alwala na fita masallaci da sauri, injin bayan na bar shi a ɗage kamar yadda na shigo da shi. Kafin in dawo ɗana mai shekara shida da ɗan maƙwabci sun haye suna wasan direba, ɗaya ya tura wani hannu da ke gefen kujera sai ga wuƙaƙen nan sun faɗo ƙasa tim! a kan robar wanke-wanke, suka yi mata raga-raga. Uwargida ta ce ko minti biyu ba a yi ba da ta ɗauke 'yar autarmu daga wurin, tana zaune ne a inuwar injin tana wasa da murfin kwano. Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Kuma ba shi ne na farko ba, cikin daminar bara na taɓa tashi da asuba na tarar ta gangara da kanta ta jingina da katangar madafa har ta tsaga ta, lokacin na ce tsautsayi ne ban faɗa wa kowa ba. Yanzu dai uwargida ta ba ni zaɓi, ko tarakta ta bar gidan ko ita ta kwashi yaranta ta tafi gidansu, kuma ban ga alamar wasa a fuskarta ba.

To abin da nake so in sani, ta yaya abu zai motsa alhali inji a kashe makulli a aljihuna? Sannan in za a ajiye, a giya ake barin ta kamar mota ko a firi? Akwai kuma ɗan yayata mai shekara sha bakwai da nake so ya fara taya ni aiki da ita bana, me ya kamata in fara ja masa kunne a kai. Na gode.

Bakaniken_Marwa ya rubuta:

Wa alaikumus salam Alhaji, sannu, Allah ya ƙara tsarewa, ka yi wa uwargida jaje kuma ka ce mata gaskiyarta ce.

Abin da ya faru ba aljanu ba ne kuma taraktarka lafiyarta lau. Ɗaga injin baya shi ke buƙatar inji yana aiki, don famfon idirolik ne ke tura mai ya ɗaga. Saukarwa kuwa ba ta buƙatar komai, man da ke riƙe da nauyin a kulle yake kawai, da yaro ya tura hannun nan ya buɗe masa hanya ya koma tanki shi ke nan nauyin ƙarfen da kansa ya kawo shi ƙasa. Ko batir ka cire ka tafi da shi Makka haka zai faɗo. Ka leƙa ƙarƙashin kujera ta gaba tsakanin ƙafafunka za ka ga wani ɗan murfi kamar kan famfon ruwa, shi ke daidaita saurin sauka, in ka murɗe shi har ƙarshe yana kulle hanyar man, amma kar ka dogara da shi wajen kwana, tsohuwar tarakta robobinta na ciki sun gaji mai yana silalewa a hankali, ka bar abu a sama da dare ka tarar da shi a ƙasa da safe, kuma duk abin da ya kwanta a ƙarƙashi ko akuya ce ko kaza ya danne. Magani ɗaya ne, kafin ka kashe inji ka sauke shi ya zauna daram a ƙasa. Abin da ke ƙasa ba ya faɗowa, kuma yana ƙara riƙe taraktar kar ta gangara.

Maganar gangarawa kuma. Ka lura burkinta ƙafa biyu ne a dama, ɗaya na tayar hagu ɗaya na tayar dama, an yi su haka ne don juyawa a ƙarshen kunya. Akwai ɗan ƙarfe da ke haɗa su su zama ɗaya. Burkin ajiya a irin naku ba kamar na mota ba ne da ake ja da hannu kawai, sai ka haɗa ƙafafun biyu ka taka da ƙarfi sannan ka ja ɗan maƙalin ya riƙe su a ƙasa. Mutane da yawa suna takawa ba su haɗa ba, taya ɗaya ce kawai ta kama, ko kuma su ja maƙalin ba tare da sun taka sosai ba, sai ƙasa ta jiƙe da dare ta fara tafiya. Ina kyautata zaton abin da ya ci katangar madafarka ke nan.

Giya kuwa sai na san wace iri ce taka. In mai kuloci ce da sandar giya, ni nakan ce bayan inji ya mutu murus a sa ta a giya ta ɗaya ta zama ƙarin tsaro. In kuma irin mai feda ɗaya ce da ake takawa gaba ta yi gaba a taka baya ta yi baya, wannan da mai take tafiya, in inji ya mutu ba giyar da za ta riƙe ta, burki ne kaɗai da waji. Kuma waji ba ƙaramin dutsen da ka tsinta a hanya ba, ka sa kafinta ya yanko maka guntun katako biyu masu kauri ka riƙa cusa su a tayoyin baya ta ɓangaren gangara.

Abu ɗaya da nake roƙonka saboda Allah tunda ka ce yaro zai fara tuƙi. Duk ranar da ta ƙi tashi da makulli kar wanda ya tsaya a ƙasa ya haɗa wayoyin sitata da sukudireba. Mu kanikawa mu muka koya wa mutane wannan mugun hali. Wurin da mutum ke tsayawa ya yi hakan daidai gaban babbar tayar baya ne, in a giya take tana tashi kai za ta fara bi ta kai. An sa mata ɗan makunni a jikin kuloci don kar ta tashi sai mutum na zaune ya taka, idan ya lalace a canza shi, kar a yarda wani ya ce bari in haɗe maka wayar a wuce wurin. Ni na san wanda ya yi haka a garejin da na koyi aiki, yau da sanda yake tafiya, kuma shi Allah ya yi da sauran kwanansa.

Sannan in ka ga mai yana tsatsafowa a tiyon idirolik kar ka shafa da hannu kana neman hujin. A ma'aunin matsi, tayar motarka bar 2 da ɗan abu ake hura mata, man nan kuwa ya haura bar 100, ta ƙaramin huji kamar allura yake fita ya huda fata ya shige nama, ka ga ɗan tabo ka ce ba komai kwana biyu hannu ya kumbura ya fara ruɓewa. Da guntun kwali ake nema. In ya riga ya shiga jiki, asibiti za a tafi nan take ba mai ɗori ba.

Tsohon_Direban_Yagwa ya rubuta:

Jikana ne ke rubuta min ina faɗa masa, in kun ga kuskure nasa ne.

Malam bakanike ya yi magana mai kyau amma a wuri ɗaya ban bi shi ba, wato barin ta a giya. Mu da muka tashi muna ganin manyan taraktocin kamfanin noman shinkafa na SEMRY a fadamu, ni kuma na yi shekaru ina jan Massey Ferguson 135 ta wani mai gona, wadda aka daina ƙerawa tun da daɗewa amma har gobe tana aiki a ƙauyuka, abin da aka koya mana shi ne firi, burki, waji. Dalili, injin gazuwal irin na da ba ruwansa da makulli, wata waya ake ja ta yanke mai sannan ya mutu. In ka mayar da wayar nan ciki ka bar ta a giya a kan gangara, ta ɗan motsa ko yara suka tura, tayoyi su juya inji sai ta tashi da kanta kamar yadda ake tura mota a tayar da ita, ta kama tafiya ba kowa a kai. Ƙananan Japan ɗin nan ma tsofaffinsu da yawa da wayar ake kashe su. Bayan haka wanda ya zo da safe bai san a giya ka bar ta ba. To ni firi na sani.

Yanzu ɗana mai tambaya, maganar yaron da za ka ɗora. Tarakta ba gudu ke kashe mutum a kanta ba, kifewa ce, kuma ƙaramar ta fi saurin kifewa don ƙafafunta a matse suke, an yi ta ne don 'yan gonakin shinkafa masu shimfiɗa kamar tabarma. Kifewa iri biyu ce. Ta gefe, wannan in ka bi bakin rami ko gefen mayo, wato rafi, inda ruwa ya ci ƙasa ta ƙarƙashi, ko ka sha kwana da gudu, ko ka fito titi ka manta ba ka haɗa burkin nan biyu ba ka taka ɗaya, nan take ta juya da kai. Ta baya kuwa ita ce mugunyar. In tayoyin baya suka kafe suka kasa juyawa, ƙarfin injin ba ya ɓacewa, sai gaban taraktar ya tashi sama ta juyo a kan direba, kuma daga tashin gaba zuwa inda ba ta komowa bai cika sakan ɗaya ba, ƙafarka ba ta isa kuloci ba an gama.

Me ke jawo shi? Ɗaure sarƙa a sama. Mutum zai tumɓuke kututture ko zai jawo motar da ta kafe sai ya ɗaura igiya a bayan kujera ko a ƙarfen sama na ukun nan da ke riƙe garma, wai nan ya fi ƙarfi. Duk abin da za a ja a ƙarfen ja na ƙasa ake ɗaurawa, wanda ke ƙasa da gatarin tayoyin baya, ba wani wuri. In kuma ta kafe a laka, mu nan karal, ƙasar lakar nan tamu, in ya sha ruwa kamar danƙo yake, da baya ake fita, kuma kar a ɗaure gungume a jikin taya wai ta taka ta fito. Na ga an yi, na kuma je jana'izar, yaro ne matashi ko shekara bai yi da aure ba.

Sai kardan, sandar nan da ke juya injin baya. Ƙa'idarta zagaye 540 a minti, jikana ya lissafa ya ce tara ke nan a sakan guda, kuma 'yan Japan suna da giyar da ta fi haka sauri. Mu kuwa mutanen manyan riguna ne, jallabiya, rawani, mayafi, ga zariyar wando tana reto. Bakin riga kawai za ta kama, kafin ka ce wayyo ta naɗe hannu har kafaɗa. Ranar aiki a sa riga mai kama jiki. In ciyawa ko igiyar leda ta naɗe wuƙaƙe, a cire giyar kardan a kashe inji a jira sai komai ya tsaya cak sannan a sa hannu, kuma ba a tsallaka ta ko da sauri ake, a zagaya. Kwanson roba da ke rufe ta in ya fashe a nemi wani, na san yawancin na hannu ba sa zuwa da shi.

Kujerarta ɗaya ce, ma'anarta mutum ɗaya. Kar ka ga yaro yana kuka ka ɗora shi a kan murfin taya don ka faranta masa. Rami ɗaya ya isa.

Maman_Yara_Kuseri ta rubuta:

Ku maza duk kun tsaya kan ƙarfe da waya, ni bari in yi magana a madadin uwargidan Alhaji tunda mu ke wuni a gida da yaran ku kuna gona ko majalisa.

Maigidana ma yana da irinta, yana aikin lambu da ita a bakin kogin Lagon, albasa da tumatir. Shekarar farko ba irin faɗan da ba mu yi ba. Yaya, yaro ba ya jin kar ka hau, ko ka doke shi gobe zai koma, abin a idonsa kamar lilo ne aka kawo masa har gida. Kuma ba naka kaɗai ba, gidanmu na Hausa ƙofa a buɗe take, 'ya'yan maƙwabta, almajirai masu jiran tuwo, kowa shigowa yake. Abin da ya raba mu da tashin hankali shi ne da ya ware mata lungu can bayan rumbu ya zagaye da langa-langa ya sa ƙofa da kwaɗo. Bai kai kuɗin taya ɗaya ba. Makullin tarakta da na kwaɗon kuma ba a rataye su a ƙusa a zaure, manyan yara sun fi ƙanana haɗari don su sun ga yadda ake tayarwa.

Na biyu, fita da safe. Wanda ke kan kujera ba ya ganin abin da ke dab da tayar baya, balle in da rimok, kuma ƙarar inji ba ta bari ya ji ihu. Mu yanzu doka ce a gidan, ba ya murɗa makulli sai ya zagaye ta da ƙafa ya leƙa ƙarƙashi, ni kuma in tara yaran wuri ɗaya in ƙirga su in riƙe ƙaramin a hannu sai ta fita ƙofa. Da farko yana ganin kamar na cika fitina, sai ranar da ya leƙa ya tarar da ɗan maƙwabciyarmu mai rarrafe yana barci a inuwar rimok, tun daga nan bai sake ce min komai ba.

Sai ka kula in za ka yi mata ɗaki kar ya zama rufaffe ruf kuma kar ya haɗa bango ko taga da ɗakin kwana, don hayaƙin nan guba ne in ana ɗumama inji a ciki. Gazuwal kuma don Allah a daina zuba shi a gorar ruwa ko ta lemo a ajiye a ƙasa, yaro mai ƙishi a zafin nan namu ba ya tsayawa sunsunawa. A nesanta jarkokin da murhu. Da ka dawo daga gona salansa da jikin inji sun ɗauki zafi kamar tanda, yaro ya dafa sai fata ta saluɓe, ga ƙaiƙayi da audugar da ke maƙalewa a wurin in ba a kakkaɓe ba ita ma wuta ce.

Ka gaida min ita ka ce ta yi haƙuri kar ta tafi, amma kar ta sassauta sai ta ga kwaɗo da idonta.

Dan_Mokolo ya rubuta:

Kai jama'a kun sa har na ji tsoron tawa 😂 amma maganar Baba gaskiya ce, mu nan duwatsun Mandara ba fili ko ɗaya mai kyau. Abin da zan ƙara wa mai rimok, gangara da giyar da ka hau da ita ake sauka, ƙaramar giya, kar ka taka kuloci ko ka sa firi wai kana tsimin mai. Rimok ɗin mai walda ba ta da burki, in ka cika ta da taki ta fi taraktar nauyi ita za ta riƙa tura ka, tayoyin gaba kuma a yawancinsu ba burki, na baya ne kawai. Ni ta taɓa tura ni har cikin gonar mutane na biya kuɗin dawa. Kuma in za ka hau babban titi da yamma lokacin kwasar auduga da manyan motocin kamfanin auduga na SODECOTON ke zirga-zirga ka tabbata akwai fitila ko abu mai ƙyalli a bayan rimok, kai kana tafiyar hawainiya su ba su gan ka ba.

Tambayata ga oga bakanike, na karanta cewa a Suwidin tun 1959 aka wajabta ƙarfen nan mai kamar ƙofa da ke bayan kujera don in ta kife kar ta danne direba. Tawa ba ta da shi. In sa mai walda ya lanƙwasa min bututun ruwa ya ɗora?

Bakaniken_Marwa ya rubuta:

Ƙanena na Mokolo, bututun ruwa a'a. Wannan rumfar inuwa ce kawai, ranar da ta kife zai lanƙwashe a kanka ya zama shi ne tarkon. Na gaskiya ƙarfe ne mai kauri da aka gwada, kuma a jikin gatarin baya ake ɗaure shi da manyan kusoshi ba a murfin taya ba. Ka tambayi masu kawo kayan tarakta na hannu ko za a samo na irin lambar taka. In ka samu to da bel ake amfani da shi, don ya riƙe ka a cikin inda ƙarfen ya kare. In babu ƙarfen kuma kar ka ɗaura bel, ka ɗaure kanka ke nan a ƙarƙashinta.

Baba na Yagwa, na karɓi gyara ranka ya daɗe, kun riga mu gani. Ni ina tunanin burkin da ya gaji ne shi ya sa na ce giya, amma in ga waji ga inji a ƙasa to firi ta fi, musamman gidan da hannu fiye da ɗaya ke taɓa ta. Littattafan kamfanin ma da na taɓa gani firi suke cewa.

Na manta abu biyu na damina. In salansarta sama take kallo kuma a waje take kwana, a kifa mata gwangwani bayan ta huce, ruwan sama in ya cika silinda ka murɗa makulli sai ƙarfen ciki ya lanƙwashe, aikin buɗe inji ke nan. Na biyu in za ta daɗe a ajiye cikin laima farantin kuloci yakan manne, ka taka feda amma bai saki ba, ka ga haɗari ke nan a tsakar gida don ba za ta tsaya inda kake so ba. Da yawansu suna da ɗan ƙugiya kusa da fedar da ake maƙale ta a ƙasa saboda haka. Murfin lagireto kuma a zafin watan huɗu kar a buɗe sai ya huce, ƙurar hunturu da ƙaiƙayi ke toshe ragar gaba ta riƙa tafasa, a riƙa kakkaɓewa kullum.

Manomin_Pitowa ya rubuta:

Kai Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Hajiya na karanta wa uwargida saƙonki ta ce a gaishe ki da kyau, wai dama ta san sai mace za ta gane.

Na fita da tocila na duba yanzu. Tawa mai kuloci ce, kuma da waya ake kashe ta kamar yadda Baba ya faɗa. Ɗan murfin ƙarƙashin kujera yana nan, ni da na ɗauka na daidaita kujerar ne shekara guda ban taɓa shi ba. Ƙarfen haɗa burki kuwa kunya ta kama ni, a ɗage yake ya yi tsatsa a haka, ke nan tun da na saye ta da burki ɗaya nake ajiyewa kuma a haka nake hawa titi har kasuwar Pitowa ranar Lahadi da buhuna a baya. Na zuba masa baƙin mai na bubbuga ya sauka. Kardan ɗin ma tsirara yake ba kwanso.

Yau dai na kai ta bayan gida inda ƙasa ta daidaita, na sauke injin, na sa turmin da ya tsage da wani gungume a tayoyi kafin kafinta ya yanko na kirki. Langa-langa sai ranar kasuwa. Yaron kuma na ce masa bana kallo zai yi yana bina a ƙasa daga nesa, ya ɓata rai.

Amma oga ga wata sabuwa, da na haɗa ƙafafun biyu na gwada a fili a hankali sai na ji tana fizgewa hagu in na taka, ta dama kamar ba ta kamawa sai na danna har ƙasa. Wannan na iya gyarawa da kaina ko sai na nemo bakanike daga Garwa?

Bakaniken_Marwa ya rubuta:

Alhaji ba su daidaita ba ne, ɗaya ta fi ɗaya cinyewa ko sandarta ta saki. Ka leƙa ƙarƙashin inda kake ɗora ƙafa, kowace feda tana da 'yar sanda mai zare da noti da ta tafi wajen tayar baya. Ka raba fedojin, ka danna kowace da hannu ka ji nisan da take tafiya kafin ta yi tauri, sai ka kwance notin ta daman ka rage tsawon sandar kaɗan-kaɗan har su zo daidai da ta hagu, kar ka ɗaure ƙam har taya ta riƙa ja, a bar ɗan wasa. Inji a kashe, waji a taya kafin ka shiga ƙarƙashi. In ka gama ka haɗa su ka gwada a ƙasa mai yashi a ƙaramar giya, ka sauka ka dubi sawun, tayoyin biyu su ja layi tsawo ɗaya. In zaren ya ƙare ba ta kama ba to takalmin burkin ne ya cinye ko mai ya shiga ciki, wannan sai an buɗe, kar ka hau titi da rimok sai an yi. Ka ɗauko hoton lambar da ke jikin inji da ta gefen giya ka sa a nan in duba ko akwai kayanta a Marwa.